Farantin Kunkuru da Wasiƙar Lauya: Yaushe Siffar Kwano Ke Zama Mallakar Mutum?

Tambaya: Barista, ni 'yar kasuwa ce a Kano, ina sayar da kayan kicin da na jeren amare. Bara na zana farantin yara mai siffar kunkuru, cikinsa gida uku, ƙoƙon bayansa shi ne murfi, na aika wata masana'anta a ƙasar Sin ta zuba mini. Ya karɓu sosai, har ƙanena da ke Amurka ya ɗora shi a Amazon. To yanzu abu biyu sun taso. Lauyan wani kamfani a can ya rubuto wa ƙanena cewa farantinmu ya yi kama da nasu da suke da takardar mallaka a kansa, mu janye ko su kai mu kotu. Nan gida kuma na fara ganin irinsa a kasuwa, alhali ba ni na kawo ba. Na duba nasu, kunkuru ne dai kamar yadda Allah Ya halicce shi. Ta yaya mutum zai ce siffar kunkuru tasa ce? In kuwa ana yi, ni ma zan iya yi wa nawa rajista? Wata Hajiya, daga Kano.

Amsa: Hajiya, rabin maganarki gaskiya ne. Babu dokar da ta mallaka wa wani ɗan Adam siffar kunkuru, ko ta kifi, ko ta ganyen kabewa. Abin da ake iya mallaka shi ne takamaiman yadda mutum ya fitar da nasa kunkurun: faɗin bakin farantin, lanƙwasar wuya, yadda ƙafafu suka leƙo, zanen da ke bisa murfi. Saboda haka wasiƙar nan ba ta kai a kwashe kaya cikin dare ba, ba kuma takardar da za a tura ƙarƙashin katifa a manta ba ce. Akwai aikin da za ki yi, kuma mafi yawansa ba ya buƙatar kuɗi mai yawa.

Abu na farko, a san wace irin takarda ce a hannunsu. A Amurka iri biyu ne ke shafar kwanuka da farantai. Ɗaya tana kare yadda abu ke aiki, kamar farantin da ke manne wa tebur har yaro ya kasa kifar da shi. Wannan shekara 20 take yi daga ranar da aka shigar da buƙata. Ɗayar kuwa kamanni kawai take karewa, abin da ido ke gani, lambarta tana farawa da harafin D, kuma shekara 15 take yi daga ranar da aka bayar da ita. Waɗanda aka nema kafin 13 ga Mayun 2015 shekara 14 suke yi. Daga bayaninki, irin ta biyun ce. Ita wannan babu dogon rubutu a cikinta, zane ne zalla. Abin da aka zana da cikakken layi shi ne abin da suke iƙirari, abin da aka zana da layi mai ɗigo-ɗigo kuwa ba ya cikin mallakarsu. Masu irin wannan wasiƙa sukan turo hoton kayansu na talla, mai kala da walƙiya, amma kotu da zanen takardar take aunawa. Ƙaninki ya nemi lambar, ya buɗe ta a intanet, kyauta ake gani.

Duk rigimar siffar kaya tambaya biyu ce a cikinta. Ta farko: naki ya yi kama da nasu har ya taka musu haƙƙi? Ta biyu: nasu ɗin ma ya cancanci a ba shi takarda tun farko?

Ma'aunin tambaya ta farko daga kan teburin cin abinci ya fito. A 1861 kamfanin Gorham, maƙeran azurfa, ya sami takardar mallakar wani ado da yake yi wa mariƙin cokula masu faɗi da masu yatsu. Bayan 'yan shekaru wani mai suna White ya fito da cokula masu ado kusan iri ɗaya. Ƙaramar kotu ta saurari ƙwararrun maƙera, suka ce su in an ajiye musu cokulan gefe da gefe suna gane bambanci, sai ta wanke White. A farkon shekarun 1870 Kotun Ƙolin Amurka ta soke wannan hukunci, ta ce ba idon ƙwararre ne ma'auni ba, domin babu kwaikwayon da ƙwararre ba zai gano ba. Ma'auni shi ne idon mai saye, da irin kulawar da mai saye ya saba yi: in zai ɗauki wannan yana zaton wancan ne, an taka haƙƙi. Har yau da wannan ake hukunci. Ki lura da abu ɗaya mai ɗaci a nan: cewa ke da kanki kika zana, ba ki taɓa ganin nasu ba, ba kariya ba ce a dokar irin wannan takarda. In kamannin ya kai, ya kai.

Shin dabarar a fili take?

Tambaya ta biyu ita ce ta fi amfani gare ki, kuma a nan ake fafatawa. Bai isa a ce siffa sabuwa ce ba, wato ba a taɓa ganin irinta sak ba. Dole kuma ta zama ba abin da ke a fili ba ne ga mai sana'ar, wanda duk mai zana kwanuka da ya san abin da ya gabata zai iya hangowa ba tare da wata baiwa ta daban ba.

Tushen wannan ƙa'ida ma tangaran ne. A 1851 Kotun Ƙoli ta yi hukunci a shari'ar Hotchkiss da Greenwood, kan mariƙin ƙofa. Tun da can ana yin sa da katako ko ƙarfe, sai masu takardar suka yi shi da yumɓu da tangaran, siffa ɗaya, hanyar ɗaurawa ɗaya. Kotu ta ce sauya abin da aka yi kaya da shi aikin gwanin ma'aikaci ne, bai kai ƙirƙira ba, ko da sabon ya fi kyau ya fi arha. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Wanda ya ɗauki siffar akushi ya zuba ta da roba, ko ya kwaikwayi ƙwarya da faifanta ya yi su da melamin, ya yi dabarar kasuwa mai kyau, amma da wuya ya ce siffar tasa ce.

A 1893 aka zo kan sirdi. Kamfanin Whitman ya sami takarda kan wani sirdi da aka haɗa gabansa daga wani tsohon samfur, bayansa daga wani. Shaidu suka nuna cewa masu yin sirdi sun daɗe suna irin wannan haɗe-haɗe gwargwadon abin da mai doki ya nema. Kotu ta ce ɗauko rabin wannan a liƙa wa rabin wancan, a sana'ar da aka saba yin haka, ba ƙirƙira ba ce. A 1952 majalisar Amurka ta rubuta ƙa'idar cikin doka a sashe na 103, a 1966 kuma shari'ar Graham da kamfanin John Deere ta shimfiɗa yadda ake aunawa: a duba abin da ya gabata, a duba bambancinsa da sabon, a duba matakin gwanintar mai sana'ar, sannan a saurari shaidar kasuwa.

Kayan ban sha'awa irin naki, faranti mai siffar dabba, kofi mai fuska, kwano mai kamar kankana, suna da rauni na musamman a wannan wuri, domin kusan dukkansu haɗin abu biyu ne da kowa ya sani: ga dabba, ga faranti. Ofishin rajistar Amurka da kansa yana da ƙa'idar cewa siffar da ta kwaikwayi halitta ko wani sanannen abu kawai, ba tare da ƙarin komai ba, ba ta asali ba ce. A 2014 kotun ɗaukaka ƙara mai kula da irin waɗannan shari'o'i ta tabbatar da rushe takardun wani kamfani, MRC Innovations, kan rigunan 'yan ƙwallo da aka ɗinka wa karnuka, saboda an riga an yi irinsu, ƙarin da aka yi kuma bai wuce 'yan ɗinkuna da ragar da ake gani a wasu riguna ba.

Sai dai shekaru da dama rushe takardar siffa abu ne mai wuyar gaske. Wasu hukunce-hukunce biyu, na Rosen a 1982 kan teburin falo da na Durling a 1996 kan kujerun zama, sun kafa sharaɗin cewa kafin ma a fara maganar haɗe-haɗe, sai mai ƙalubale ya kawo tsohon abu guda ɗaya wanda kamanninsa kusan ɗaya ne da na takardar. In bai samu ba, magana ta ƙare, ko da ya tara tsofaffin farantai cike da kwali. Wannan sharaɗi ya faɗi ranar 21 ga Mayun 2024, a shari'ar LKQ da General Motors kan siffar ƙarfen da ke rufe tayar gaban mota. Alƙalan kotun ɗaukaka ƙara suka zauna gaba ɗayansu, suka ce sharaɗin ya yi tsauri fiye da abin da doka ta faɗa, suka koma ga ma'aunin Graham, har suka kafa hujja da tsohuwar shari'ar sirdin nan. Yanzu har ila yau sai an fara da tsohon abu guda mafi kusa, amma ba dole ya zama kusan ɗaya ba, kuma ana iya ɗauko wani sashe daga wani tsohon kaya na fagen da mai zanen zai leƙa.

A ganina wannan gyara ya yi daidai, musamman ga ƙananan 'yan kasuwa. Tsohon sharaɗin ya bar takardu marasa ƙarfi da yawa a tsaye, ana razana mutane da su. Amma kada ki ɗauka ƙofa ta buɗe gaba ɗaya. Kotun ta ce dole a nuna dalilin da zai sa mai zane ya yi wannan haɗin a lokacin, ba yanzu da aka riga aka ga sakamakon ba. In ɗinki ya zauna a jikin mai shi, kowane tela zai ce ai shi ma da haka zai yanka. Alƙali yana sane da wannan, kuma ba ya karɓar irin wannan magana sai da shaida. Shaidar kuwa ita ce katalog ɗin masana'antu, da tsofaffin takardun mallaka, da tallace-tallace masu kwanan wata, waɗanda ke nuna cewa mayar da bayan dabba murfi, ko raba ciki gida uku, abu ne da masu yin farantan yara suka saba.

Mai takarda shi ma yana da abin faɗa. Zai ce kayansa sun yi kasuwa, an yabe su, har ana kwaikwayonsu, da a fili dabarar take da wani ya riga shi. Kotu tana sauraron wannan, amma tana neman a nuna cewa siffar da ke cikin takardar ce ta jawo cinikin, ba arha ko talla ko wani abu daban ba. A 2021 kamfanin Gamon ya rasa takardunsa na siffar abin jera gwangwanayen miya a kanti, a rigimarsa da Campbell Soup, saboda cinikin da ya kafa hujja da shi bai rataya ga ɗan sashen da ya yi wa rajista ba.

Shari'ar da nake so ki riƙe

Akwai rigima guda da ta fi kowace kusa da taki. Wani ƙaramin kamfani a Amurka mai suna ezpz ya yi suna da wata tabarmar cin abincin yara ta silikon, wadda farantin ke haɗe da ita, tana kama tebur in an shimfiɗa ta, yaro ba ya iya ɗagawa ya watsar. Kamfanin ya sami takarda kan yadda take aiki da kuma wata kan siffarta. A 2016 shari'a ta ɓarke tsakaninsa da Luv n' Care, masu kayan jarirai na Nuby, a kotun tarayya da ke jihar Luwiziyana. Luv n' Care suka kawo tsofaffin takardu suka ce haɗa faranti da tabarma mai kama tebur abu ne a fili, kotun farko ta yarda da su tun kafin a kai ga sauraron shaidu kan batun.

A Afrilun 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta ce an yi gaggawa. Akwai saɓani na gaske kan abin da tsofaffin takardun suka nuna, da kan shaidar kasuwa, kuma irin wannan saɓani ba a yanke shi a kan takarda kawai. To a nan za ki ce ezpz sun yi nasara. Ba su yi ba. Kotun farko ta riga ta same su da rashin gaskiya a cikin tafiyar shari'ar: sun ɓoye wasu buƙatun rajista masu alaƙa da batun, sun yi ta ƙoƙarin hana abokan shari'arsu ganin binciken da aka yi kan tsofaffin kaya, shaidunsu kuma sun yi ta kwana-kwana a amsa. Saboda haka ta hana su neman komai a hannun Luv n' Care, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hanin. An kuma mayar da wani batu a sake dubawa, na abin da aka gaya wa ofishin rajista game da wata tabarmar cin abincin dabbobin gida ta Platinum Pets da ta riga tasu fitowa. A lokacin shekara takwas ke nan ana biyan lauyoyi, kuma abin da ya kayar da su ba raunin dabararsu ba ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne a ko'ina, amma a dokar Amurka ya fi ƙurewa, domin mai neman takarda wajibi ne a kansa ya bayyana wa ofishi duk tsohon abin da ya san yana da nasaba da buƙatarsa. Wanda aka kama ya ɓoye da niyyar yaudara, takardar gaba ɗaya takan mutu.

Abin da za ku yi da wasiƙar

Kada ƙaninki ya amsa da kansa, ko da ta waya ce, kuma kada ya rubuta musu ban haƙuri ko ya ce bai sani ba. Ya duba wa'adin da suka bayar, ya nemi lauyan da ke aikin mallakar fasaha a can. Ganawar farko da rubuta amsa ba su kai ko kusa da kuɗin shari'a ba.

Kafin ganawar, ku tattara abu uku. Zanen takardarsu, a buga shi babba. Hotunan farantinki daga sama, ƙasa, gefe, gaba da baya, daidai da yadda aka jera zanensu. Sai kuma duk wani faranti ko kwano mai siffar kunkuru da ya fito kafin ranar da suka shigar da buƙatarsu. Wannan ranar ita ce iyaka; abin da ya fito bayanta ba ya amfanar ki. A nemi tsofaffin katalog daga masana'antar da ta yi miki aiki da makamantanta, a duba rumbun takardun mallaka na Amurka da Turai da Sin, a duba tsofaffin tallace-tallace a intanet. Kowane abu ya zo da shaidar kwanan wata, don hoto marar kwanan wata ba shi da nauyi a gaban alƙali. Ba sai a Amurka abin ya fito ba, na kowace ƙasa yana shiga.

Wannan tarin tsofaffin farantai aiki biyu yake yi. Yana iya rushe takardarsu. Ko bai rushe ta ba, yana taƙaita ta, domin tun hukuncin Egyptian Goddess na 2008 ana ɗaukar mai sayen nan a matsayin wanda ya san abin da ke kasuwa. In kunkuru ya riga ya cika kantuna, ƙananan bambance-bambance ne za su ja idonsa, sai faɗin abin da suka mallaka ya tsuke zuwa ainihin zanensu. Sau da yawa amsar lauya guda ɗaya mai ɗauke da irin waɗannan hotuna ta isa ta kashe magana, don mai takarda ba ya son a kai ta inda za a iya soke ta.

In ta kai ga ƙalubale, hanya biyu ce. A kotu ana ɗaukar takardar a matsayin ingantacciya, sai an kawo hujja mai ƙarfi ƙwarai kafin a rushe ta, amma ana karɓar kowace irin shaida, har da kayan da aka taɓa sayarwa. A hukumar sauraron ƙorafi ta ofishin rajista kuwa, rinjayen hujja ya isa, sai dai takardu da abin da aka buga kawai take karɓa, kuma wanda aka kai ƙara yana da shekara ɗaya daga ranar da aka miƙa masa sammaci. Duka biyun tsada gare su, tsadar da ribar faranti ɗaya da wuya ta biya.

Shi ya sa nake cewa ku yi lissafi da idon ɗan kasuwa. Dokar Amurka ta ba mai takardar siffa damar karɓar dukan ribar da aka samu a kan kayan, kuma ci gaba da sayarwa bayan gargaɗi yana iya sa a ce da gangan ne, inda kotu ke da ikon ninka diyya har sau uku. Amazon kan sauke kaya a kan ƙorafi kawai, kuma akwai salon ƙarar da ake yawan shigarwa a kotun tarayya ta Shikago, inda ake haɗa masu sayarwa da yawa a takarda ɗaya, a sa a riƙe kuɗinsu kafin su ma su ji labari. In lauya ya duba ya ce kamannin ya yi yawa, ku dakatar da sayarwa a can, a sauya wuya da ƙafafu da zanen murfi sosai, a sake zubi. Sabon ƙarfen zubi ya fi shari'a arha nesa ba kusa ba. Cinikinki na Kano kuwa wannan takarda ba ta taɓa shi, ikonta a iyakar Amurka ya tsaya.

Na gida

A nan sai kin yi haƙuri da abin da zan faɗa. Dokarmu ta 1970 kan mallakar ƙirƙira da siffar kaya tana ba da kariyar shekara biyar, ana sabuntawa sau biyu, jimla 15, kuma ana rajista a ofishin da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja. Sharaɗinta shi ne siffar ta zama sabuwa a ranar da aka nema, ba a riga an fito da ita ga jama'a ba a ko'ina. Ke kuwa tun bara kike sayarwa. Da hannunki kika fitar da shi, kuma dokar ba ta yi sassauci ba sai ga abin da aka nuna a baje kolin da hukuma ta amince da shi, cikin wata shida. Amurka da Tarayyar Turai suna ba mai zane rangwamen shekara ɗaya daga ranar da ya fara nunawa, don haka ki duba rasit ɗinki na farko yau, ko akwai sauran kwanaki a can.

Wani zai ce miki ki je ki yi rajistar kawai, za a ba ki. Ƙila a ba ki, domin ofishin cikar takardu yake dubawa, ba ya binciken ko siffar sabuwa ce. Amma ranar da kika kai wani Babbar Kotun Tarayya, abin da lauyansa zai fara tonowa ke nan. A 2002 Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke shari'ar Uzokwe da Densy Industries kan siffar robar kicin, mai rajistar ne kuma ya sha kaye duk da satifiket ɗinsa. Dokarmu ma ta fi ta Amurka tsauri ta wani gefen: ta ce ɗan ƙaramin bambanci, ko ɗauke tsohuwar siffa daga wani irin kaya zuwa wani, ba ya mayar da ita sabuwa. A Amurka kuwa an yi hukunci a 2019 cewa takardar kamfanin Curver kan adon saƙar kujera ba ta hau kan kwandon da aka yi wa ado iri ɗaya ba, saboda kujera aka rubuta a takardar.

Game da waɗanda kike gani a kasuwa, ki fara tambayar masana'antarki kafin ki zargi maƙwabtan shago. In babu rubutacciyar yarjejeniya cewa ƙarfen zubin naki ne, kuma ba za a zuba wa kowa da shi ba, to babu abin da ya hana su cika wa wani kwantena. Ki gyara wannan a oda ta gaba, a rubuce, da harshen da kotun can za ta karanta. Sannan ki yi wa sunan kasuwancinki rajistar tambari a aji na 21, ajin kayan kicin, ki sa a zuba shi a gindin kowane faranti. Tambari ba ya lalacewa don an riga an fara ciniki da shi, shekara bakwai yake yi da farko, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14.

Damarki ta gaskiya tana kan samfur na gaba. Tun da dai ƙila sai kin sake fasalin kunkurun, ki sake shi sosai, yadda zai yi nisa da nasu da kuma naki na bara. Ki yi bincike kafin ki biya kuɗin zubi, ki adana zanenki na farko da kwanan wata, in wani kika sa ya zana miki ku rubuta cewa naki ne. Ki shigar da buƙata a Abuja kafin hoto ɗaya ya hau WhatsApp ko Instagram. Daga ranar kina da wata shida a ƙarƙashin Yarjejeniyar Paris ki nema a wasu ƙasashe da wannan kwanan watan. In kina kai kaya Maraɗi ko Damagaram, rajistar Najeriya ba ta aiki a can. Nijar da Kamaru da Chadi suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ke rufe ƙasashe 17. Duk tsohon farantin da kika ci karo da shi a bincike, ki miƙa wa lauyanki shi, ko da kina ganin zai rage miki ƙarfi.

A wannan makon dai, Hajiya, ki sa ƙaninki ya turo miki lambar takardar da ranar da aka shigar da ita, ki nemo rasit ɗin cinikinki na farko, kuma kada wani sabon kaya ya tashi zuwa Amurka sai lauya ya ajiye zanensu kusa da farantinki ya duba. Allah Ya sa albarka a kasuwa.